Ƙaramar Askar Baba

Duk wanda ya san Babanmu zai tuna hannunsa na hagu kafin ya tuna fuskarsa. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu babu gashi ko ƙwaya ɗaya, sumul kamar bayan cokali, domin a nan yake gwada kaifin aska kullum da safe. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana aski a barandar wani shago a bakin titi. Kayan aikinsa ba su da yawa: benci na masu jira, kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ya tokare da guntun katako, madubin da gefensa ya fara baƙi, da tukunyar ƙarfe a kan risho inda yake tafasa asakensa bayan kowane kai.

Mutum ne dogo, marar yawan magana. Idan yana aiki, leɓensa na ƙasa yake cijewa, ba ya kallon kowa. Da injin aski ya shigo gari, masu aski suka buɗe shaguna masu gilashi da waƙa da fanka, mutane suka yi ta zamewa daga bencinsa ɗaya bayan ɗaya. Mun sha ba shi shawara ya sayi inji. Sai ya ce shi ba ya jin fatar mutum ta cikin inji, kuma abin da hannunsa ba ya ji ba zai ɗora shi a wuyan kowa ba. Tsofaffi ne suka rage masa. Su ne suke cewa a duk tsawon shekarun nan bai taɓa fitar wa kowa jini ba, kuma muna jin wannan magana har ta ishe mu.

Kusa da shi akwai teburin Baffa Mai Agogo. Ba jini ya haɗa su ba, zaman baranda ɗaya ne ya mai da su 'yan'uwa. Shi Baffa gajere ne mai surutu, Baba yana aski shiru, shi yana ba duk barandar labari da gilashi manne a ido ɗaya. Shi ya sa mini suna Akawu tun ina firamare, don ina yawo da biro a aljihun gaba ko da ba ya rubutu. Duk Asabar da safe shi ne na farko a kujerar Baba. Daga baya ciwon rawar jiki ya kama shi, hannu ya fara karkarwa, kai ma ya bi. Gyaran agogo ya gagare shi, ya naɗe teburinsa ya koma gida wajen 'yarsa. Amma Asabar ba ta taɓa wuce shi ba.

Ni kuwa, gara in faɗa tun yanzu, kunyar sana'ar Baba na tashi da ita. Da aska ya biya mini makaranta, ni kuma a makarantar nake cewa mahaifina yana da shago a bakin titi. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Wata Asabar a shekarata ta ƙarshe a sakandare, mun fito da safe za mu darasin share fagen jarrabawa ni da abokaina uku, hanya ta biyo da mu ta gaban barandar. Baba yana tsaye kan wani mutum da kumfa ta rufe wa fuska. Ya ɗago, muka haɗa ido, ya buɗe baki zai kira ni. Sai na ja abokaina muka tsallaka titi, na ƙura wa wani bango ido kamar an rubuta sunana a jiki. Da yamma ya dawo gida ya ci abincinsa, ya tambaye ni ya darasi. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Shekara ashirin da shida muka yi a haka har ya rasu.

Da aka zo raba kayansa, kowa ya ɗauki abin da zai yi masa amfani. Ƙunshin fatar da asakensa biyar suke ciki ya rage a kan tabarma, da dutsen washi, da doguwar fatar da yake goge aska a kanta. Inna ta tura su gabana da ƙafar sandarta.

"Kai ne babba. Ka tafi da su, ko a bayan gado ne ka ajiye, kada in buɗe ido in gan su a bola."

A bayan gadon na ajiye su kuwa. Can suka sha damina guda. Da zan faɗi cewa kewar Baba ce ta sa na ciro su da na ji daɗi, amma ba ita ba ce. Wata rana a ofis ina latse-latsen waya, na ci karo da bidiyon wani mutum a wata ƙasa mai nisa, sanye da farar riga, yana juya tsohuwar aska mai ninkewa cikin ƙotarta irin ta Baba sak, yana lallaɓa ta kamar jariri. Dubban mutane suna yaba masa a ƙasa. Sai a lokacin abin ya yi daraja a idona. Na ce bari in goge namu su yi ƙyalli, in sa a yi musu akwatin gilashi in rataya a falo, in baƙo ya tambaya in ce kayan tarihi ne na gado.

Da na kwance ƙunshin, tsatsa ta ci su ta yi ja. Na ɗauki mafi girma na kai wa mai washin wuƙaƙe a kasuwa, wanda ke da injin nan mai tartsatsi. Ya karɓa bai ko duba ba, ya danna ta a dutsen injin kamar adda. Minti biyu bai cika ba ya miƙo mini. Bakinta ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi gantsa-gantsa, ƙarfen ya ƙone. Askar da Baba ya yi shekara talatin yana riritawa, na kashe ta kafin shayin da na saya a gefen rumfar ya huce. Na naɗe ta a takarda na sa a ƙasan durowa, ban gaya wa kowa ba.

Sauran huɗun na ce da hannuna zan yi. Na sayo samfefa mai laushi da man keken ɗinki, nake zama a baranda bayan an taso daga aiki ina gurzar tsatsa har yatsuna su yi baƙi. Na matse ƙusoshin ƙota da suka saki da ƙaramar guduma. Sai na koma kan dutsen washin Baba. Tsakiyarsa ta lotsa saboda yawan aiki, kamar matakalar tsohon gida. Ina zuba ruwa, in kwantar da aska, in tura in juyo, waya a jingine da kofi mutumin farar riga yana koya mini abin da ubana ya yi a gaban idona sau dubu ban tsaya na kalla ba.

Uku daga ciki ba su ba ni wahala ba. Ta huɗun ce ta ba ni haushi. Ita ce ƙarama, ƙotarta baƙa, ƙarfenta ya fi na sauran kyau, amma yawan washi ya cinye ta har ta koma kamar faɗin yatsa. Sauran duk bakinsu yana da tsini a ƙarshe, ita kuwa nata a dunƙule yake, zagaye, kuma wajen tsawon farce daga ƙarshen babu kaifi ko kaɗan, ko takarda ba zai yanka ba. Na ce lallai faɗuwa ta yi ta guntule, tsufa kuma ya hana Baba gyarawa. Har tausayinsa na ji. Asabar uku na yi a kanta. Na fitar mata da tsini, na ja kaifin har ƙarshe, ta fito tana walƙiya. Na ɗauki hotonta ta gaba da ta baya.

Daga nan sai sha'awar gwadawa ta kama ni. Na fara da hannun hagu, gashi ya zube, na ji kaina ya yi girma. Na koma kan fuska. Ranar farko na yanke kaina a wuri huɗu. Matata ta leƙo banɗaki ta same ni da guntayen takarda manne a haɓa.

"Ikon Allah. Faɗa kuka yi da madubin?"

"Koyo nake yi."

"To ka bar mana kunne ɗaya dai, don mu san ta inda za mu riƙa yi maka magana."

A ofis aka tambaye ni me ya sami fuskata. Na ce kyanwa ce ta yakushe ni. Ba mu da kyanwa, ban ma son ta. Ina da shekara arba'in da huɗu, Baba yana kabari, amma har yanzu bakina ya kasa furta cewa askar ubana nake koyo.

A hankali hannuna ya fara faɗawa. Na gane ba a danna aska, nauyinta ya isa. Na gane sai an ja fata ta miƙe, kuma kumfa in ta bushe an shiga uku. Bayan wata biyu ina iya gama fuskata babu jini, sai dai in wuya ya yi ja.

Ana cikin haka, wata Juma'a da yamma 'yar Baffa Mai Agogo ta yi sallama a gidana. Mun gaisa, ta sha ruwa, ta yi ta murza bakin mayafinta kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Yaya, maganar Baffanka ce. Tun rasuwar Baba bai yarda an taɓa masa fuska ba. Na kawo mai inji har gida sau biyu, ya kore shi. Ya ce ƙarar tana shiga masa ƙwaƙwalwa, kan nasa ya ƙara rawa. Gemu ya cukurkuɗe, gashin baki yana shiga masa abinci. Yanzu ko ƙofar gida ya daina fita, wai kada a gan shi kamar mahaukaci. Ranar nan Inna ta ce mana asaken suna wajenka, har kana aski da su. Tun da ya ji bai bar ni na huta ba."

Na so in ce ni ɗan koyo ne. Amma a raina wani abu yana cewa ga ranar da za a ga aikina. Na ce ta gaya masa ina tafe gobe da safe.

Na same shi a tsakar gida kan kujerar roba, an lulluɓa masa tawul a kafaɗa tun kafin in iso. Da ƙyar na gane shi. Mutumin da ke cika baranda da surutu ya koma ɗan tsurut a cikin farin gashi, kansa yana kaɗawa hagu da dama ba tsayawa, kamar mai cewa a'a ga duk abin da ke duniya.

"Akawu," in ji shi, "ashe kana gari."

"Ina nan, Baffa. Aiki ne ya yi yawa."

"Haka ne. Aiki." Ya dubi ƙunshin fatar da ke hannuna, idonsa ya kawo ruwa. "Ƙaramar za ka ɗauko. Mai baƙar ƙota. Ita ce tawa."

Daɗi ya kama ni, don ita na fi shan wahala a kanta. Na rage gashin da almakashi, 'yarsa ta kawo ruwan ɗumi, na jiƙa fuskar, na kaɗa kumfa na shafa. Na buɗe askar, na goga ta a fata kamar yadda na koya. Na fara daga gefen kunnen dama. Jan farko ya tafi lafiya, na biyu ma haka. A na uku kansa ya kaɗo wajena, tsinin da na yi Asabar uku ina fitarwa ya shige ƙasan kunnensa.

Bai yi ƙara ba. Jini ne kawai ya biyo ta cikin farar kumfa ya gangaro kan tawul. 'Yarsa ta yi salati ta ruga ɗaki neman auduga. Ni kuwa na tsaya da aska a hannu. Da ƙyar na tuna da alimun ɗin Baba mai tsayar da jini da ke cikin ƙunshin, na jiƙa na danna a wurin.

"Ba ni ita nan," in ji Baffa.

Na miƙa masa ta ƙota. Hannunsa yana karkarwa, amma da babban yatsansa ya sauka a bayan ƙarfen sai ya bi shi a hankali har ƙarshe, irin taɓawar mutumin da ya yi rayuwarsa da ƙananan ƙarafa. Ya tsaya a kan tsinin.

"Wa ya yi mata wannan?"

"Ni ne, Baffa. Na ga bakin ya guntule, shi ne na gyara."

"Ka gyara." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Akawu, ba guntulewa ta yi ba. Shekarar da kaina ya fara rawa, na ce wa ubanka ya sallame ni, kada in jawo masa abin magana a tsufansa. Ya ce in dawo Asabar. Wannan ita ce askar da ya fi so duk cikinsu, da ita ya fara sana'a. Kwana uku ya yi a kan dutse yana kashe mata baki, ina zaune ina kallo. Ya zagaye tsinin, ya dakusar da ƙarshen, don ko na kaɗo kai in ci karo da wurin da ba ya yanka. Daga ranar bai ƙara ɗora ta a fuskar kowa ba sai tawa. Shekara goma sha ɗaya."

Ban san inda zan sa idona ba. Na yi ta kallon tawul ɗin da jini ya ɓata. Abin da na ɗauka sakacin tsoho ne, har ina tausaya masa, ashe shi ne aiki mafi kyau a cikin ƙunshin, ni kuma na bi shi da dutse na share, na ɗauki hoto.

"Baffa, ka yafe mini. Bari in je in samo wanda ya iya."

"Wa ya iya? Sun mutu duka. Dutsen yana nan?"

"Yana nan."

"To zauna."

Na zauna a ƙasa a gabansa, da wandon da nake zuwa ofis, na ɗora dutsen a kan bulo. Ya ce in tsayar da askar a kan tsininta in riƙa jujjuyawa kamar mai zana rabin wata. Ƙarar ƙarfen tana ci mini rai, don ina ji ina ɓata abin da na gyara, ko ina gyara abin da na ɓata, ni kaina na rasa wanne ne. Duk bayan ɗan lokaci sai ya karɓa ya shafa da yatsa ya ce saura. Rana ta ɗago ta bar bangon gidan kafin ya ce ya isa. Ba ta yi kyan ta Baba ba, kuma ta ƙara gajarta, amma ƙarshenta ya daina cizo.

Ya koya mini sauran. Ya ce Baba ba ya kama kan da ƙarfi, don in an matse shi rawar ƙaruwa take yi. Tafin hannun hagu yake shimfiɗawa a goshi, ya jingina ƙeyar a cikinsa, ya saurari kaɗawar, ya ja aska a ɗan tsakanin da kan yake juyawa. Na sake jiƙa fuskar na shafa sabuwar kumfa. Na jingina kansa a cikina. Ina jin rawar tana ratsa rigata, sai na ga ashe tana da lokacinta, kamar agogo. Na jira, na ja. Na jira, na ja. Gumi yana ɗiga daga haɓata, na lura ina cije da leɓena na ƙasa.

Kuncin dama ya fita tas. Na ɗaga haɓarsa na bi ƙarƙashin muƙamuƙi, gashi yana zubewa, sai ga wani tsohon tabo ya bayyana, fari, siriri, ya kai tsawon ɗan yatsa. Duk wanda ya yi wata biyu yana yanka fuskarsa ya san tabon aska in ya gani.

"Baffa, wannan fa? Wani ya taɓa yi maka aski ban da Baba?"

"Babu."

"Ai cewa ake bai taɓa yanka kowa ba."

"Sau ɗaya ne. Ni kuma ban faɗa wa kowa ba, shi ya sa ba a sani ba." Kansa yana kaɗawa a tafin hannuna. "Lokacin kaina lafiya lau, ko motsi ban yi ba. Wata Asabar ce. 'Yan makaranta huɗu suka biyo ta gaban baranda, suka tsallaka titi. Ina kallonsu ta madubi."

Askar ta tsaya a hannuna. Na ji kamar an kwara mini ruwan zafi daga ƙeya zuwa dugadugai. Sama da shekara ashirin da shida ina lallashin kaina cewa wataƙila bai gan ni sosai ba, wataƙila ya manta kafin yamma.

"Me ya ce?" na tambaye shi.

"Ya danna mini alimun, ya ba ni haƙuri. Na ce masa, ba Akawu ne wancan ba? Ya ce shi ne. Ya ce, sauri yake yi, jarrabawa gare su, kada ka ga laifinsa."

'Yarsa tana tsaye a bakin ƙofa da audugar da ba a yi amfani da ita ba. Hawaye ya cika mini ido har na daina ganin fuskar da ke gabana, hannuwana biyu kuma duk a cike, ɗaya da kansa, ɗaya da askar, babu na sharewa. Baffa ya ɗago hannunsa mai rawa ya dafa hannuna na hagu, daidai inda gashi ya ƙare, ya shafa wurin sau biyu.

"Goge idonka a kafaɗa, Akawu," ya ce. "Saura ɗaya gefen, kumfar tana bushewa."